Gishirin Da Ba Ya Son Wuta

Ta cikin kofin gilashi Dogo ya fara ganinta. Ya sunkuya ne yana duba ko ruwan ya kai layin da aka ce, sai ya ga ido biyu a ɗaya gefen kofin suna kallonsa, ruwa ya ƙara musu girma sun zama dara-dara. Ya miƙe da sauri, kansa ya bugi murfin kabad ɗin da ke saman benci. Mai idon ta toshe baki da hannun farar rigarta, rigar da ta yi mata yawa har sai da ta naɗe hannun.

"Sannu," ta ce, dariya na cin ta. "An ce nan ne bencina."

Ya ce babu komai, ko zafi bai ji ba. Ƙarya yake yi, sai da wurin ya kwana biyu a kumbure.

Auta ake kiranta a gida da makaranta duka, domin yayarta ta taɓa ratsa wannan jami'ar ta bar mata sunan a bakin mutane. 'Yar sashen kimiyyar abinci ce, tana shekarar ƙarshe, kuma a wannan kwas ɗin kaɗai aka haɗa su da 'yan kemistiri. Shi kuwa Dogo ɗan gida ne a ɗakin gwajin. Ya san famfon da ke ɗiga, ya san murhun gas ɗin da sai an lallaɓa shi yake kamawa, kuma duk rigar lab da ya sa a gwiwar hannu take tsaya masa.

Dakta, malamar kwas ɗin, gajeriyar mace ce mai gilashi a kan hanci, ba ta maimaita magana. Ta tsaya gaban allo ta ce kowane irin gishiri idan zai narke a ruwa, ko dai ya zuƙi zafi ko ya saki zafi, kuma wannan zafin shi za su auna, amma ta bayan gida. Za a auna gishiri a zuba a 'yar kwalbar gwaji, a sa ruwa kaɗan, a ɗumama har ya narke tas. Sai a sauke, a yi ta motsawa a hankali yana hucewa, ido a kan kwalba. Da zarar ƙwayar gishiri ta farko ta bayyana, a karanta ma'aunin zafi. A ƙara ruwa a sake, a ƙara a sake. Daga nan sai lissafi, a ɗiga sakamakon a takardar giraf, a ja layi. Yadda layin ya karkata shi zai faɗi zafin da gishirin ke buƙata kafin ya narke.

"Aikin mutum biyu ne," in ji Dakta. "Ɗaya a kan kwalba, ɗaya a kan ma'auni, gobe ku yi musanya. Ranar jarrabawa kowa shi kaɗai zai tsaya."

A bencin Dogo da Auta dai aikin mutum ɗaya ya zama. Ta kai hannu za ta kunna gas, ya ce bari, wannan murhun yana da mugun hali. Ta ɗauki kwalba, ya ce da zafi, ta kawo. Ta sunkuya za ta duba ƙwayar gishiri, ya ce tururi zai shiga mata ido. Kafin a tashi ya auna, ya ɗumama, ya motsa, ya karanta, ya ja layi miƙaƙƙe gwanin sha'awa, ita kuma ta rubuta sunayensu a sama da kyakkyawan rubutunta. Auta ba ta ga laifin hakan ba. Wadda ta taso ita ce ƙarama a gida ta saba da a karɓe mata kaya, kuma ba kullum ake samun dogon saurayi mai kunya yana rawar jiki a kan mutum ba.

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta.

"Gishirina, kin isa gida lafiya? Kabad ɗin nan ya ce in gaishe ki, wai shi ya haɗa mu."

Ta karanta ta kifa wayar a kan katifa, ta sake ɗauka ta karanta, sannan ta amsa.

"Na iso lafiya. Ka ce masa na gode, amma ya daina dukan bayin Allah. Kuma wa ya ce maka ni gishiri ce?"

"Ni na ce. Tun da kika fita daga lab komai lami nake jin sa."

Haka abin ya fara, kuma bai tsaya wasa ba. Kafin zangon karatu ya raba tsakiya duk ajin sun san bencin da ke kusa da taga ya zama na masoya. Yana raka ta bakin titi, yana riƙe mata jaka, yana tsayawa har motar da ta shiga ta sha kwana. Ya je gidansu ya gaishe da iyayenta, Mama ta karɓe shi da fara'a, Baba kuwa ya amsa gaisuwar a taƙaice yana kallon takalmansa. Auta ta ce kada ya damu, haka Baba yake yi wa kowa, har mai kawo takardar kuɗin wuta.

Ranar jarrabawar gwaji ido ya raina fata. Aka raba su, kowa da bencinsa. Auta ta tsaya gaban murhu ta ga ashe ba ta taɓa kunna shi da hannunta ba. Da kyar ya kama. Gishirin ya narke, ta sauke kwalbar ta zuba mata ido, ta manta da motsawa, don a iya saninta motsawa wani abu ne da hannun Dogo ke yi yayin da yake ba ta labari. Ruwan ya yi ta hucewa shiru babu ko ƙwaya ɗaya, sai can kwatsam kwalbar ta cika da farin gishiri gaba ɗaya, ma'auni kuwa ya riga ya yi ƙasa. Sau nawa ta sake, sau nawa hakan ta faru. Da ta ɗiga sakamakon a takarda, ɗigon suka warwatsu kamar tsabar da aka watsa wa kaji, babu ta inda layi zai bi.

Sakamako ya fito. Dogo ne a sama, Auta tana cikin waɗanda suka faɗi. Dakta ta ce akwai dama ɗaya kafin ƙarshen zango, wanda ya sake faɗuwa sai ya maimaita shekara.

A wani gidan da an yi faɗa an wuce. A gidansu Auta kuwa maganar ta taɓa tsohon ciwo. Yayarta ta bar jami'a ne a shekarar ƙarshe ta yi aure, da alkawarin za ta koma ta ƙarasa. Yara suka zo, alkawari ya bi ruwa. Baba bai taɓa yi mata gori ba, amma duk gidan an san abin yana nan a ransa. Ya aika a kira masa Dogo shagonsa, inda yake gyaran keken ɗinki, wuri ɗan ƙarami mai warin man inji, kawunan kekuna jere a kan kanta kowanne da ƙyalle a wuya. Auta tana zaune a kan benci a gefe, kai a ƙasa.

"Kai ka ci jarrabawar?" Baba ya tambaya, bai ɗago daga keken da yake ɗiga wa mai ba.

"Na ci, Baba."

"Da kyau?"

Dogo ya sunkuyar da kai. Bai taɓa jin kunyar zuwa na ɗaya ba sai ranar. Ya amsa a hankali.

"Kuma benci ɗaya kuke zama."

"Benci ɗaya, Baba."

Baba ya juya ƙafar keken ya saurari ƙararta, sannan ya ajiye gwangwanin man. Ya ce shi bai ce Dogo mugu ba ne. Mijin yayar Auta ma ba mugu ba ne, mai tausayi ne, kuma tausayin nan ne ya zaunar da ita a gida. "Na gani sau ɗaya, ba zan sake gani ba. Idan ta ci wannan da hannunta, ka turo iyayenka. Idan ta maimaita shekara, kada in ƙara ganin ƙafarka a ƙofar gidana. Na gama."

Suka fito jiki a sanyaye. A bakin titi Auta ta share hawaye ta ce ai shi ke nan, tunda Dakta ta ce waɗanda suka ci su koya wa waɗanda suka faɗi, shi zai koya mata. Dogo ya rantse wannan karon hannunsa ba zai fita daga aljihu ba.

Rantsuwar ba ta kai ruwan ya tafasa ba. Tana kunna gas ya ce ta rage. Tana ɗaukar kwalba ya ga yatsanta ya kusa da wuta, hannu ya fito daga aljihu da kansa. Da aka zo wurin kallon ƙwaya kuwa, tana cikin lalube da ido ya riga ya ce "ga ta nan," sannan ya dafe baki. Ya dubi hannayensa kamar na wani ne aka ara masa. A ranar ya gane cewa muddin yana tsaye kusa da ita, Auta ba za ta taɓa koyon komai ba, kuma shi da kansa zai raba su.

Washegari ya je ofishin Dakta ya roƙi a canza masa ɗaliba. Dakta ta dube shi ta saman gilashi ta ce da ma tana jiran ranar da zai yi hankali. Aka ba shi wata yarinya fara mai yawan dariya, aka kai su bencin ƙarshe. Auta kuma aka haɗa ta da Monita, shugaban aji, wanda tun farkon zango yake zagaya ta da turare da sabon agogo.

Dogo ya tura mata saƙo yana bayani.

"Gishirina, ni na nemi a raba mu, ba don komai ba sai don ba na iya tsayawa ina kallonki ban karɓa ba. Ki yi haƙuri da ni na ɗan lokaci. Ni ne matsalarki a bencin nan."

Bayani ne mai kyau, amma ya zo a makare. Ta riga ta shiga lab ta tarar da Monita a kujerar Dogo, ta ɗaga kai ta hango Dogonta a can ƙarshe, farar yarinyar nan tana ƙyalƙyala dariya har da riƙe ciki. Abin da ya ba ta dariya kuwa kai ne Dogo ya sake bugawa a kabad, amma daga nesa ba a ganin dalili, dariyar kawai ake gani. Auta ta ji zuciyarta ta yi baƙi ƙirin. Ta amsa masa da kalma biyu, "Na gode," ta daina ɗaukar wayarsa.

Monita bai yi ƙasa a gwiwa ba wajen zuba wa wutar mai. Ya ce ai kowa ya gani, Dogo ya hango faɗuwa ne ya zame jikinsa tun da wuri, namiji na gaske ba ya gudu. Ya ce shi a shirye yake ya je ya ga Baba ko yau. Sai dai Monita, duk da bakinsa, ba ya son abin da zai taɓa masa hannun riga. Yakan zauna a kan doguwar kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana latsa waya yana ba da umarni daga nesa. Da gangan ko da lalaci, shi ne malamin da Auta take buƙata.

Ta ƙone a yatsa. Ta fasa kwalba, ta share da kanta. Ta koyi lallaɓa murhun da ke da mugun hali. Ta gane idan ba a motsa ba ruwan yakan riƙe gishirin ya wuce lokacinsa, sannan ya sake shi gaba ɗaya, abin da ya kayar da ita ke nan. Ta koyi ɗaga kwalbar ta fuskanci hasken taga, har idonta ya saba da ƙwayar farko, 'yar mitsitsiya mai ƙyalli da ke juyawa a cikin ruwa. Haushi ne ya riƙa tashinta da sassafe, kuma haushi ba ƙaramin malami ba ne. Ranar da ɗigonta suka fara jeruwa a layi ɗaya ta juya da murna za ta nuna wa Dogo, sai ta ga Monita yana hamma. Ta mayar da kanta ga takardar, idonta ya cika da ƙwalla.

Yayarta ce, da ta zo gida wata yamma, ta same ta a kicin tana wanke kwano ɗaya ta ƙi ajiyewa. Auta ta zayyana mata komai, har da dariyar farar yarinya. Yaya ta gyara goyon da ke bayanta, sannan ta ce, "Ni da nawa ya iya daurewa ya bar ni na ɗan wahala, da yanzu ba wannan maganar muke yi ba. Ban ce ki kira shi ba. Na ce dai ki daina wanke kwanon nan, ya fita."

Ranar jarrabawa ta biyu aka ba kowa ƙaramar kwalba da farin gari a ciki, babu suna sai lamba. Auta ta auna nata da natsuwa, ta zuba a ruwan sanyi, ta girgiza. Ya narke ba gardama, har ta ji kwalbar ta yi ɗan ɗumi a tafin hannunta. Ba ta kawo komai a ranta ba, ta ƙara garin ta tsoma kwalbar a ruwan zafi kamar yadda ta saba.

Maimakon ruwan ya ƙara washewa sai ya fara yin fari. Tana ƙara wuta yana ƙara turɓunewa. Ta dubi dama, ta dubi hagu, kwalaben maƙwabtanta sun yi garau, suna ta sauke nasu. A ranta ta ga shagon Baba, ta ga ƙofar gidansu an rufe wa Dogo, ta ga kanta a wannan bencin shekara mai zuwa tare da ƙannenta na aji. Ta cire kwalbar ta tsoma a ruwan sanyi don ta zubar ta sake sabo. Kafin ta kai ga zubarwa sai ta ga farin yana bajewa, ruwan yana komawa garau.

Ta tsaya. Ta mayar da ita ruwan zafi, ya yi fari. Ta mayar ruwan sanyi, ya washe. Da Auta ta farkon zango ce da tuni ta fashe da kuka tana neman wanda zai karɓa. Wannan kuwa ta ja numfashi ta ce a ranta, to, tunda kai wuta ce ba ka so, bari mu bi ta hanyarka. Ta juya aikin gaba ɗaya. Ta fara daga sanyi, ta riƙa ɗumamawa a hankali tana motsawa, ta karanta ma'auni a daidai lokacin da farin ya fara bayyana. Ta ƙara ruwa ta sake, ta ƙara ta sake, har ta cika aikinta.

Dakta ta ce kowa ya je ya yi lissafinsa da rahotonsa, a kawo mata kafin a tashi daga ofis. A laburare Auta ta ɗiga sakamakonta. Ɗigon sun jeru tsaf, amma layin ya juya baya. Na kowa yana gangarowa, nata yana hawa.

Monita ya leƙo ta kafaɗarta ya yi tsaki mai tausayi. Ya ce ta kashe kanta, tun da yake bai taɓa jin an ci wannan gwajin da layi mai hawa sama ba. Amma abin mai sauƙi ne, ta ɗauki lambobin zafi ta mayar wurin na sanyi, layin zai gangaro kamar na kowa, babu wanda zai sani. Ya ce wasu ma da aka ba irin garin nata sun riga sun gyara nasu sun miƙa. "Ki yi tunanin Babanki," in ji shi.

Tunanin Baban take yi, shi ya sa maganar ta shige ta. Ta ɗauki abin gogewa ta riƙe. Sannan ta ajiye, ta ciro wayar da ta daɗe ba ta nemi Dogo da ita ba.

"Dogo, layina ya juya baya. Na kowa yana gangarowa, nawa yana hawa. Garin da aka ba ni a sanyi yake narkewa, in na ɗumama ya yi fari. Monita ya ce in juya lambobin. Ka san abin da Baba ya ce. Don Allah ka faɗa mini, kuskure na yi?"

Dogo yana zaune a kan matakalar ƙofar laburaren tun da ya hango ta shiga, bai iya shiga ba kuma bai iya tafiya ba. Yana karantawa ya gane irin gishirin da aka ba ta. Ya rubuta amsar, ya goge. Ya sake rubutawa, ya sake gogewa. Abin da ya tura a ƙarshe shi ne:

"Gishirina, ba ni na tsaya a bencin ba, ke ce. Ban ga kwalbar ba, ke kika gani. Ki rubuta abin da idonki ya gani da abin da hannunki ya ji, kada ki ƙara kada ki rage. Ko me ya fito ina nan, ban je ko'ina ba, ban taɓa zuwa ko'ina ba. Bayan wannan ba zan ƙara cewa komai ba, kuma ki sani shirun nan ya fi komai yi mini wuya."

Da farko haushi ta ji, har ta ce a fili wannan mutumin ba zai taɓa taimako a lokacin da ake so ba. Sai kalmar hannu da ya rubuta ta tsaya mata a rai. Ta buɗe tafin hannunta ta dube shi. Ɗumin nan da ta ji da safe gaskiya ne, ba mafarki ta yi ba. Gishirin da ya saki zafi lokacin narkewa, ina zai so a ƙara masa wuta? Ta ture abin gogewar gefe, ta gama lissafinta a yadda yake, ta rubuta a ƙasa cewa wannan gishirin sakin zafi yake yi. Ta kai ofis ta ajiye.

Kwanakin jiran sakamako ba ta ci abinci na kirki ba. Da aka ce Dakta na nemanta ita kaɗai, sai ta sallama, ta ce ta faru ta ƙare. Ta shiga ta tarar da takardarta a kan tebur. Dakta ta tambaye ta me ya sa layinta ya saɓa wa na kowa. Auta ta faɗi abin da ta gani, ta faɗi ɗumin da ta ji, ta ce ba ta san sunan garin ba amma haka ya yi.

Dakta ta cire gilashinta, abin da ba wanda ya taɓa ganin ta yi.

"Ba ke kaɗai na ba wannan garin ba. Dangin farar ƙasa ne, a sanyi ya fi narkewa. Sauran sun kawo mini layi mai kyau yana gangarowa, abin da gishirin nan bai taɓa yi ba tun da aka halicce shi. Ke kaɗai kika kawo mini abin da ya faru. Kin ci, kuma kin ci da kyau. Je ki kafin ki jiƙa mini tebur."

Auta ta fito ta jingina da bango, ta sauke ajiyar zuciyar da ta daɗe tana riƙewa. Ta ji kamar an sauke mata buhu daga ka. Dogo yana tsaye a ƙarshen barandar, hannu biyu a aljihu, fuska duk ta faɗa. Ta tako har gabansa ta ɗaure fuska iya ƙarfinta, amma dariya da kuka suka ƙwace mata a tare.

"Na ci, Dogona."

Ya ɗaga hannu biyu sama, yana ta hamdala. Da ya natsu ta tambaye shi, cikin shagwaɓar da ta yi kewar yi, me yake faɗa wa farar yarinyar nan da take ta dariya. Ya sunkuyo ya nuna mata inda kabad ya sake buge shi a tsakiyar kansa ranar. Ta ce ta yafe, amma a gidansu ba za a kafa kabad a sama ba. Monita kuwa da ya ji labari sai ya riƙa faɗa wa mutane shi ya horar da ita, kuma a wannan karon dai bai yi ƙarya sosai ba.

Da yammar nan suka je shagon Baba. Auta ta faɗa masa, ya ce madalla, ya ci gaba da ɗaure wani ƙaramin noti da ya riga ya ɗauru. Sai da ya gama goge ido da gefen hannu, wai mai ne ya fantsamo masa, sannan ya juyo wurin Dogo.

"Ka taimaka mata?"

"A'a, Baba. Ta tambaye ni, ban faɗa mata ba."

"Ka san amsar?"

"Na sani. Na rubuta na goge. Wallahi Baba ban taɓa shan wahala irin ta ranar ba."

Baba ya daɗe yana kallonsa, wannan karon a fuska. Sannan ya jawo kujerarsa, wadda ba ya ba kowa, ya tura masa. "Zauna, ɗana. Ka gaya wa iyayenka ina jiran su."

Bayan an kammala karatu, kowa ya karɓi takardar shaidarsa, aka ɗaura musu aure. Gida ya cika da 'yan uwa da abokan makaranta, har Dakta ta zo ta zauna a layin gaba, aka kuma gan ta tana murmushi, abin da 'yan ajin suka daɗe suna musu a kansa. Yaya ta fi kowa rawar ƙafa, ta kuma fi kowa kuka, don a makon ne ta gaya wa Baba ta mayar da sunanta makaranta, mijinta zai riƙa zama da yara.

Da za a tafi da amarya Baba ya kira su biyun. Ya riƙe hannun Auta a nasa mai kanta da baƙin mai, ya ce ya aurar da 'ya'ya biyu a rayuwarsa, amma yau ne ya fara bayarwa ba tare da tsoro ba. Muryarsa ta karye, bai ɓoye ba. Ya ɗora hannunta a na Dogo.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Kai, ka riƙe ta da kyau. Amma wani lokacin ka bar ta ta riƙe ka, ta iya."

Duk gidan suka amsa da amin.